Gugan Farko

Rijiyar gidanmu da ke Tudun Wada rabi ce tamu. Ɗaya rabin na maƙwabtanmu ne, kuma ba a baki kawai ba, katanga ce ta bi ta tsakiyar bakinta ta raba shi biyu. Kakana, wanda ya zo Jos haƙar kuza ya ƙi komawa garinsu, shi da kakan maƙwabtan, mutumin ƙasar nan, suka haƙa ta tare a kan iyaka, lokacin da abin da ya raba gidajen biyu bai wuce shingen ƙaya ba. Da aka fara rikici a garin nan, samarin gidajen biyu suka ce sai an ja katangar bulo. Magini ya zo ya tsaya a bakin rijiyar yana sosa ƙeya, don babu gidan da zai yarda a bar shi ba ruwa. A ƙarshe ya zuba linta, wato gadar siminti, a kanta, ya jera bulonsa ya wuce.

Akwai wata al'ada da muka taso muka tarar, wadda ta girmi katangar. Duk gidan da ya riga zuwa rijiya da safe, gugan farko ba nasa ba ne, na maƙwabci ne. A da sai dai a miƙa hannu a juye a mazubin ɗaya gidan. Da katanga ta zo, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta tsare maginin nan ta ce ba zai sauka daga aikin ba sai ya bar mata kafa. Ya sa guntayen bututu biyu a jikin katangar daidai ƙugu, ɗaya ya karkata zuwa wajensu, ɗaya zuwa wajenmu. A ƙarƙashin namu akwai tsohon bokitin ƙarfe. A ƙarƙashin nasu akwai farin daro na matar gidan, wadda duk unguwa ke kira Mama.

Inna ce ke riga tashi kusan kullum, saboda sallar asuba. Tana sallamewa za ta ɗauki gugan roba, ta jawo, ta juye a bututu. Sai ka ji ruwa na zuba a daro ta can, can kuma sai muryar Mama, da Hausarta da ba ta damu da mace ko namiji ba:

"'Yar'uwa, ka tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya ƙafar?"

"Ƙafa yana nan, bai gudu ba."

Ran Lahadi ce kawai Mama ke cin gasar, don tana shirin coci da wuri, kuma ranar sai mun ji labari har azahar. Inna ba mai fita ba ce, Mama kuwa dankalin turawa take sayarwa a Terminus, tun kafin kasuwar ta ƙone har bayan da aka koma bakin titi. Saboda haka duk abin da Inna ta sani game da garin Jos, ta bututun nan ya shigo mata. A lokutan da aka hana fita, aka kulle ƙofofi, kowa ya yi tsit a ɗakinsa, ƙarar ruwan nan da safe ita ce ke gaya wa kowane gida cewa na ɗaya gefen sun kwana da rai. Musulmin layinmu suka yi ta sayar da gidaje suna komawa wasu unguwanni. Yayyena sun yi da Inna har sun gaji. Ta ce in an samo mata gidan da zai zo da rijiyarsa da Mamarsa, a zo a ɗauke ta.

Mazajen Inna da Mama duka sun rasu, ’ya’ya sun watse, ni ma aure ya kai ni Jos Jarawa. A gidanmu saura Inna da yayana da iyalinsa. A gidan Mama saura ita da babban ɗanta, ma'aikacin gwamnati, da matarsa da ’yarsu guda ɗaya. Yarinyar nan ba ta wuce shekara biyar ba, ga surutu. Takan taka kujera ta sa bakinta a bututu ta ce, "Inna, a aiko da alawa!" Inna kuwa ta tura mata alawar madara da tsinken tsintsiya. Wata damina yarinyar ta kwanta da zazzaɓi da gudawa, aka ce taifot ne, kafin sati biyu ta rasu. Ranar Inna ta sa mayafi ta zagaya ta titi, abin da ta shekara ba ta yi ba, ta zauna kusa da Mama har aka watse. Bayan nan ta daina sayen alawar madara, ko jikokinta suka roƙa.

Ni malamar zane ce a makarantar sakandare, kuma in faɗi gaskiya, ina da ji da kai. Ni ce ta farko a gidanmu da ta wuce sakandare, kuma ban taɓa barin kowa ya manta ba. Shekara biyu bayan rasuwar yarinyar, wata malamar jami'a da muke kira Dakta ta tara mu, masu zane da masu sassaƙa da masu ɗaukar hoto. Aikinta binciken ruwa ne, rijiyoyin unguwanni da tafkunan da masu haƙar kuza suka bari. Ta ce ta gaji da rubuta rahoton da ba mai karantawa sai ƙwari, tana son mu yi abin da mutane za su zo su gani da idonsu. Ranar ta faɗi wata magana da na yi ta maimaitawa kamar ni na ƙirƙiro ta. Ta ce ruwan da ke ƙarƙashin garin nan ɗaya ne, katangunmu ba su kai can ba.

Nawa aikin mai sauƙi ne. Na sayi farin yadi na yayyanka. Duk inda ɗaliban Dakta suka ɗebi ruwa a kwalba don gwaji, ni ma sai in ɗaure ƙyallena a bakin bokiti in tace guga goma. Kowane ruwa da irin tabon da yake bari. Na tafkin kuza ja ne kamar an jiƙa bulo, na wata rijiya kusa da makanikai toka-toka da maiƙo, wani kuma tsatsa. Niyyata in ɗinke su su zama zane ɗaya mai tsawo, a rataye a zauren baje koli, kowa ya zo ya nemi unguwarsu.

Ba wanda ya sa rijiyarmu a lissafi, ni na kai su. So nake a samu ƙyalle ɗaya fari tas a tsakiyar zanen, in tsaya kusa da shi in ce wannan na gidanmu ne. Kuma fari ya fito, tas, kamar ba a taɓa jiƙa shi ba. Na yi ta ɗaga shi ina nuna wa ɗalibai.

Bayan sati guda Dakta ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa. Ta ce abin da ke cikin ruwanmu ƙyalle ba ya kama shi. Ƙwayoyin cuta ne irin na bayan gida, kuma da yawa. Akwai masai ko sokawe da ke tsiyaya cikin rijiyar.

"Na wane gida?" Tambayata ta farko ke nan. Ban tambayi me za a yi ba.

"Malama, wannan ba shi ne aikinmu ba," in ji ta. "A tafasa ruwan sha daga yau. A kwashe ramukan gidajen biyu a gyara su, a yashe rijiyar, a sa mata zobban siminti, a zuba magani. Za ta dawo. Ba sai an san na wane ne ba."

Na ce ai akwai hanyar sani. Na taɓa ganin ɗalibanta da wata hoda mai launin ruwan lemo a ƙaramar kwalba, wadda in ta shiga ruwa take komawa kore shar, suna zuba ta a wani wuri su je su jira ta a wani. Ba ta da illa, ko an sha. Dakta ta dube ni ta saman tabarau ta ce a rijiyar haɗaka ba ta yin wannan gwajin sai gidajen duka sun zauna sun yarda, kuma ko sun yarda takan ba su shawarar su bari.

Na je gida na gaya wa Inna, na leƙa bututu na gaya wa Mama. Su biyun suka yi mini dariya. Inna ta ce ruwan da ya raine ni har na yi bakin zuwa jami'a shi ne yau zan zo in zaga. Mama ta ce, "Malama, ka bar mu da boko naka." Amma dai suka fara tafasa na sha, don in bar su su huta. Game da ramuka kuwa, ko ɗaya a cikinsu ba ta tambayi na wane ne ba. A lokacin na ɗauka rashin sani ne. Sai daga baya na gane tsofaffin nan sun fi ni sanin abin da ke bayan tambayar, shi ya sa suka bi ta gefenta.

Mazan ne ba su bi ta gefe ba. Da yamma ɗan Mama ya tsaya a bayan katanga ya ɗaga murya, ba da kowa yake ba, amma da mu yake. Ya ce wasu sun ƙara ɗakuna sun haƙa rami a inda bai kamata ba. Yayana ya fito ya ce wasu kuma masai ɗaya gare su tun zamanin Turawa, ba a taɓa kwashe shi ba. Ni ina tsaye, jinina na tafasa. Gaskiya ne yayana ya haƙa sabon sokawe lokacin da zai yi aure, kuma ya matso da shi wajen rijiya saboda ko'ina aka sa diga a gidan sai a ci karo da dutse. Na san wannan. Amma an shafe shi da siminti, a gabana aka yi, kuma ban ga yadda za a yi gidan da Inna ke wanke tsakar gidansa sau biyu a rana ya zama shi ne mai ƙazanta ba.

Washegari na je wajen ɗaya daga cikin ɗaliban na ce ina son hodar nan kaɗan, zan gwada ta a zane. Ƙarya na yi. Na zo gida da azahar, Inna na barci, na juye ta a ramin bayan gidanmu na bi ta da bokiti biyu. Dabarata ita ce in wanke gidanmu daga zargi. In kwana bakwai suka wuce rijiya ba ta canja ba, sai in tara kowa in ce ga abin da na yi, ba daga wajenmu ba ne, sauran ku san inda za ku duba. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina abin da zan yi in ta canja ba. Na dai ce zan riƙa zuwa da sassafe in leƙa kafin kowa.

Kwana uku ina zuwa, ina haska tocila, ruwa garau. Har na fara shirya kalaman da zan gaya wa ɗan Mama. Daren na huɗu aka kwana ana ruwan sama, irin na Jos mai zuwa da ƙanƙara. Da safe titi duk taɓo, keken haya ya yi wuya, ban iso Tudun Wada ba sai da gari ya waye sosai.

Abin da na manta, ni da aka haifa a gidan, shi ne gugan farko. Inna ta idar da salla, gari bai gama haske ba, gugan kuma baƙar roba ce, ba a ganin launin abin da ke cikinsa. Ta jawo ta juye a bututu kamar kullum. Na biyu da na uku ta zuba a randa ta rufe. Ba ta ga komai ba. Farin daron Mama ne ya nuna.

Ina shiga zaure na ji sallama a bayana. Mama ce, ta zagayo ta titi da daron a hannu, tana ɗingishi, ɗanta na biye da ita. Ta ajiye shi a tsakar gida. Na yi shekaru ina haɗa launi, ban taɓa ganin kore mai kyau da muni irin wannan ba, har wani haske yake yi. Inna ta fito tana salati, ta ɗauka wani ne ya zuba guba a rijiya. Ɗan Mama ma abin da ya ɗauka ke nan, idonsa ya yi ja, yana cewa a kira ’yan sanda. Yayana ya fito ba riga. Na ga in na yi shiru minti ɗaya, abin zai fita titi, kuma a garin nan mun san abin da ke biyo bayan magana irin wannan in ta fita titi.

Na ce ni ce. Na ce ba guba ba ce. Na faɗi abin da hodar take yi, da inda na zuba ta, da ranar da na zuba. Ina magana ina jin muryata irin ta aji, kamar ina koyar da darasi, na kasa canja ta.

Ɗan Mama ne ya fara ganewa. Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya juya ya dubi yayana ya ce, "Oga, wace shekara ka haƙa ramin nan?"

Inna ce ta amsa, a hankali, tana lissafi da bikin auren, da haihuwar ɗan fari, da azumin da ya biyo baya. Ta kai ƙarshen lissafin ta tsaya. Damina ɗaya ce tsakanin haƙa ramin da rasuwar yarinyar.

Na yi sauri na ce ba a sani ba, taifot ta ko'ina ana ɗaukarsa, a makaranta, a abincin titi, kuma mu ma ai ruwan muke sha. Ba wanda ya dube ni. Inna ta zauna a ƙasa, a jiƙaƙƙen siminti, ta buɗe tafin hannunta na dama tana kallo.

"Kullum ni nake zuba musu," ta ce. "Da hannun nan. Na farko shi nake ba su."

Mama ta sunkuya da ƙyar ta kama kafaɗarta. "'Yar'uwa, kada ka faɗi haka. Allah ya ba, Allah ya karɓa. Ni ma na ba jikana ruwan da hannuna." Tana faɗa tana kuka. Ɗanta ya ɗauki daron ya watsar da ruwan a kwata, ya kama hannun uwarsa suka fita.

Da na gaya wa Dakta, ba ta yi mini faɗa ba, ta dai cire tabarau ta daɗe tana murza ido. Ta zo gidan da kanta ta yi wa mazan bayani cewa rijiyar za ta gyaru. Wannan karon ɗan Mama da yayana bakinsu ya zo ɗaya, abin da ban taɓa gani ba: a rufe rijiyar. Aka kira magini ya zuba siminti a rabinmu, ya zagaya ya zuba a nasu. Gidajen biyu suka koma sayen ruwa wajen masu turo jarkoki a kura. An yi baje kolin, zanena ya rataya daga wannan bango zuwa wancan, da farin ƙyallen a tsakiya, don na rasa ƙarfin halin farke shi. Mutane suka yi ta tsayawa a gabansa suna tambaya wace unguwa ce mai ruwa mai kyau haka. Na ce musu na manta.

Bututun bai toshe ba. Kowace safiya Mama takan zo ta sa baki ta ce, "'Yar'uwa, ka tashi lafiya?" Inna na zaune a kan dardumarta, taku biyar daga wurin, ba ta amsawa. Ba fushi take ba, kunya ce, irin wadda ban san tsoho na iya ji ba. Na kwana biyu a gidan na ga abin da idona. Mama ta kira sau uku, ta jira, sannan na ji jan ƙafarta tana komawa. Inna ta sa gefen mayafi ta toshe bakinta don kada a ji kukanta ta can.

Na durƙusa na ce, "Inna, ki amsa mata mana. Dakta da kanta ta ce ba wanda zai iya cewa ruwan ne."

Ta dube ni. Inna ba ta taɓa zagina ba, ranar ma ba ta zage ni ba. Ta ce, "Ke kika kawo ilimin da ya nuna. Yanzu kuma ki ce bai nuna ba?"

Ramin yayana ne, dutsen na Allah ne, rijiyar kuma ko ba ni ba tana buƙatar gyara. Amma akwai hanyar gyara ta da za ta bar tsofaffin nan biyu da gaisuwarsu, an nuna mini ita a ofis, ƙofa a rufe, na ƙi bi saboda ina son in ci gardama.

Kafin ƙarshen shekarar ɗan Mama ya gama ginin sabon gida a can bayan gari, ya ce ba zai iya ci gaba da kwana a gidan ba. Ban ga laifinsa ba. Ranar da za su tashi ina gidan, da hantsi, motar kaya na tsaye a ƙofarsu. Muka ji sallama. Mama ce, ta sha ado da zanen zuwa coci, ta zagayo ita kaɗai da sanda. Inna ta yunƙura za ta shige ɗaki, ƙafa ba ta ba ta sauri ba. Mama ta jawo ’yar kujera ta zauna a gabanta, gwiwa da gwiwa.

Ta yi ta hira ita kaɗai. Ta ce sabon gidan ba maƙwabta sai duwatsu. Ta ce an ce akwai famfo, amma ita ba ta yarda da ruwan da ba ta ga inda ya fito ba. Ta tuna wa Inna ranar da gugansu ya tsinke suka kwana biyu suna zura ƙugiya. Inna na kallon ƙasa, tana cewa "haka ne" can ƙasan maƙoshi. Aka danna hon a waje.

Sai Mama ta ce, "Hanya da nisa. Ka ba ni ruwa in sha."

Na gane abin da take yi, Inna ma ta gane. Na tashi zan ɗebo, Mama ta ɗaga mini sanda. "Ba kai ba, Malama. Zauna."

Inna ta tashi. Ta ɗauko kofin silba na baƙi, ta ɗauraye shi sau uku, ta buɗe randa ta ɗebo. Ruwan saye ne, an tafasa, ni na tafasa shi da safen nan. Ta taho da shi da hannu biyu. Saura taku ɗaya ta tsaya. Ruwan ya fara zuba a kan yatsunta. Mama ta miƙo hannu tana jira, ta ce, "Kawo, 'yar'uwa. Ƙishi nake ji."

Na ga Inna ta yi ƙoƙari, wallahi ta yi. Sau biyu kofin na matsawa gaba yana dawowa. Sannan ta juyo ta miƙo mini, ta ce, "Ba ta."

Na karɓa na miƙa. Mama ba ta ko dubi kofin ba. Ta ce ita daga hannun 'yar'uwarta za ta sha, in ba haka ba ta haƙura. Muka tsaya a haka, mu uku, ni da kofi a hannu kamar gunki. Aka sake danna hon, aka daɗe ana dannawa. Mama ta dogara sanda ta miƙe. Ta rungume Inna, Inna na tsaye hannuwa a sake. Ta ce, "Ni ban riƙe ka da komai ba. Ka ji? Ban riƙe ka ba." Ta fita ba ta sha ba.

Ba su sake haɗuwa ba. Mama ta aiko da gaisuwa sau da yawa, da dankali, har da waya ta sa a kira. Inna takan karɓi wayar ta saurara, ta ce "na gode", ta miƙo. Da Mama ta rasu ni na je gaisuwa a madadinta.

Inna ta ƙara shekara uku a duniya. Tana dafa abinci, tana zuba wa kowa, tana ba jikoki goro su kai wa baƙi. Ruwa ne kawai ba ta miƙa wa kowa da hannunta. In baƙo ya zo sai ta kira matar yayana ta kawo masa. In mai wucewa ya roƙa sai ta nuna masa randa da baki. Mun ɗauka abin zai wuce da lokaci, har muka saba muka daina lura.

Wata rana na kai mata yarana. Ina kicin ina kwashe tuwo, ƙaramar ’yata, mai shekara huɗu, na zaune a cinyar Inna tana cin gyaɗa. Sai na ji Inna na ƙwala mini kira da wata irin murya, tana kiran sunana a jere ba numfashi. Na yar da muciya na fito a guje. Yarinyar ta ƙware, tana tari, idonta ya firfito, tana miƙa hannu wajen kofin ruwa da ke ajiye a gefen tabarma, dab da gwiwar kakarta. Inna na kallon kofin, hawaye na zuba, ta cusa hannuwanta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta ta danne su da nauyin jikinta.

"Zo ki ba ta," take cewa. "Yi sauri, zo ki ba ta ruwa."